SALLAMA DAGA AIKI: A YANKE ƘARYA, KADA A YANKE TUWON YARA

Takardar sallama daga aiki ta zama ruwan dare a ƙasar nan, har ta kai da wuya a sami layin da babu magidanci ko saurayin da ya kwana yana ma'aikaci, ya wayi gari yana zaman kashe wando. Yau a ji kamfani kaza ya rage ma'aikata, gobe a ji gwamnati kaza ta yi tankaɗe da rairaya, jibi a ji mai shago ya sallami yaransa saboda ciniki ya mutu. Ana yawan maganar korar, amma ba a cika maganar abin da ke faruwa a cikin gida daga ranar da takardar ta shigo zuwa ranar da kuɗin hannu suka ƙare ba. Alhali kuwa a wannan ɗan tsakanin ne aure ke mutuwa, yara ke barin makaranta, mutum mai mutunci ya koma mai laɓe-laɓe yana gudun masu bin sa bashi. Abin takaicin ma shi ne, kaso mai yawa na wannan ɓarna yana zuwa ne daga yadda aka yi da ɗan abin da ya rage bayan korar.

Akwai maƙaryata biyu da ke tsaye a ƙofar duk wanda aka kora daga aiki. Na farko shi ne mai mulkin da ya jefa shi cikin halin, sannan ya hau kafar yaɗa labarai yana yi masa wa'azin haƙuri da ɗaure ciki. Na biyu yana cikin ƙirjin korarren ne, shi ne mai raɗa masa cewa kada ya yarda jama'a su gane ya faɗi, ya ci gaba da rayuwa kamar albashi na nan tafe a ƙarshen wata. Dukkansu biyun sun cancanci amsa, kuma ba za a ɗaga wa kowannensu ƙafa ba.

WAƊANDA BA SU DA BAKIN WA'AZIN TSIMI

Wannan waƙa ta "a ɗaure ciki" tsohuwa ce. An rera ta a 1982 lokacin da gwamnatin Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu. An sake rera ta a 1984 lokacin da sojoji suka yi ta sallamar ma'aikata. A 1986 Babangida ya kawo shirin SAP bisa tsarin Bankin Duniya da Asusun Ba Da Lamuni na Duniya, aka karya darajar naira, aka ce wahalar ta ɗan lokaci ce. Yaran da aka haifa a wannan shekara yanzu sun yi furfura, su ma ana gaya musu cewa wahalar ta ɗan lokaci ce.

A ranar 29 ga Mayun 2023 shugaba Tinubu ya bayyana cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Dalar da gwamnati ke canzarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta wuce 1,500 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da bakinta ta ce hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A watan Afrilun wannan shekarar aka ɗaga kuɗin wutar lantarki na rukunin da ake kira Band A daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni, a farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data.

To, su masu wa'azin, yaya nasu cikin yake? A 2023, ana tsakiyar wannan ƙunci, aka saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci, waɗanda jaridu suka ruwaito cewa kowace ɗaya ta kai kusan naira miliyan 160. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a 2024, sai ya yi shekara 190 yana aiki, bai ci ba, bai sha ba, kafin ya tara kuɗin mota ɗaya daga ciki. A 2024 aka buɗe gidan mataimakin shugaban ƙasa da ya lashe kusan naira biliyan 21, a shekarar kuma aka sayo wa shugaban ƙasa wani jirgin sama. Ina dalili! Wanda ya yi wannan ba shi da bakin da zai koya wa talaka tsimi, kuma duk matashin da ya ji zuciyarsa na tafasa a kan haka, tafasar tana kan gaskiya.

Amma a nan ne wasu samari ke zamewa. Sai ka ji suna cewa ai duk maganar lissafin gida da rage kashe kuɗi taimaka wa azzalumai ne, wai su ne suka sace, don me za a ce talaka ya rage? Wannan magana tana da daɗin ji a majalisa, amma ba ta ɗora tukunya. Sanin wanda ya cinna wa gida wuta bai hana a fitar da yara daga ɗaki ba. Kuma duk mai lura ya san cewa saurayin da ya ƙarar da kuɗinsa, bashi ya yi masa katutu, shi ne mafi arhar haja a kasuwar 'yan siyasa. Da naira dubu biyu da ƙwaya ake ɗaukar sa jagaliya, ya je ya yi wa wanda ya talauta shi ihun "sai ka yi". Wanda ya riƙe lissafin gidansa, yana da abincin wata uku a ɗaki, shi ne ke iya kallon idon mai kuɗi ya ce a'a. Saboda haka tsimin da ake magana a nan kare wuya ne daga igiyar masu riba da masu sayen mutane.

DARASIN KAKURI

Duk wanda ke ganin kamar aikinsa ya fi ƙarfin kora, ya je Kakuri da Makera a Kaduna ya ga kufai. Masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta ciyar da dubban gidaje na tsawon shekaru, sai ga shi an garƙame ta a 2002. Ma'aikatanta sun shafe shekara da shekaru suna zarya a kan haƙƙinsu na sallama, da yawa sun mutu ba su karɓa ba, aka bar matansu da marayunsu da zaryar. Masaƙar UNTL ma ta rufe a 2007. Haka labarin yake a masana'antu da dama na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano. A watan Janairun 2013 aka hana haya da babur a Kano bisa dalilin tsaro, dubban 'yan acaɓa suka wayi gari babu sana'a. A ƙarshen 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta ba da sanarwar sallamar malaman firamare sama da 21,000 bisa hujjar cewa sun faɗi jarrabawar da aka yi musu. Ko mutum ya yarda da hujjar ko bai yarda ba, gidaje sama da dubu ashirin ne albashi ya ɗauke musu.

Darasin farko da ke cikin wannan tarihi shi ne, kuɗin da bai shigo hannu ba, ba kuɗi ba ne. Babban kuskuren da korarre ke yi a makon farko shi ne ya fara cin bashi a kan garatuti da aka yi masa alkawari, ko a kan aikin da wani babban mutum ya ce zai nema masa. Ya bi haƙƙinsa da dukkan ƙarfinsa, amma ya tsara gidansa kamar ba za a biya ba. In an biya, ya zama ƙari. In ba a biya ba, bai gina ɗaki a kan iska ba.

Darasi na biyu na waɗanda har yanzu ke kan aiki ne. Ƙissar Annabi Yusuf (AS) sananniya ce ga duk wanda ya zauna a Islamiyya. Shekara bakwai na yalwa, bakwai na fari, kuma shawarar da ya bayar ita ce a bar hatsi a zangarniyarsa a adana, a ci kaɗan. Manomin ƙauye da bai taɓa shiga aji ba ya gane wannan, shi ya sa yake gina rumbu. Ɗan boko mai albashi ne kawai ke cinye damina da kaka a wata guda, ya zauna jiran ƙarar waya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A ZAUNA DA BIRO DA TAKARDA

Ranar da takarda ta zo, aikin farko shi ne a faɗa wa iyali gaskiya. Akwai magidantan da ke ɓoye wa matansu, su yi wanka da safe su sa kaya su fita kamar masu zuwa ofis, su yini a gindin bishiya, su dawo da yamma da ledar da aka ciwo bashi. Wannan wauta ce da ake yi wa laƙabi da jarumta. Uwargida ita ce ta san awon tukunya, ita ta san abin da kwano ɗaya na masara zai yi da wanda ba zai yi ba. In ba ta san halin da ake ciki ba, za ta ci gaba da girki da awon jiya, kuma ranar da asiri ya tonu, an yi asarar kuɗin, an yi asarar yardar da ke tsakani. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Aiki na biyu shi ne lissafi a rubuce. A shafi ɗaya a rubuta duk abin da ke hannu: na banki, na aljihu, na adashin da ake jiran kwasa, da bashin da ake bin mutanen da aka tabbata za su biya. A ɗaya shafin a rubuta abin da gida ba zai rayu ba sai da shi a wata: abinci, haya, magani, karatun yara, ruwa da makamashin girki, da ɗan kuɗin mota na neman aiki. Sai a raba na farko da na biyu. Amsar da ta fito ita ce adadin watannin da gidan ke da su.

A ɗauki misali. Mutum yana da naira 300,000 a hannu. In ya ci gaba da kashe 120,000 a wata kamar lokacin da yake aiki, wata biyu da rabi ne ya rage masa. In ya matse ya dawo da shi 75,000, yana da wata huɗu cur. Wannan wata ɗaya da rabi da ya ƙaru, shi ne bambanci tsakanin wanda zai nemi sana'a cikin natsuwa da wanda zai karɓi duk abin da aka miƙo masa, halal ko haram. Kuma ragin da aka yi a makon farko ya fi wanda aka yi a wata na uku amfani nesa ba kusa ba, domin a wata na uku babu sauran abin da za a cece.

Daga nan, kafin kuɗin su narke a aljihu, a mayar da su abin da ba ya narkewa. A sayi hatsi da wake da manja da gawayi na wata biyu ko uku a ajiye, a rage wa mai gida kuɗin haya, a biya kuɗin zangon karatu. Tsabar kuɗi a hannun mai damuwa kamar ƙanƙara ce a rana, kowa ya zo da kukansa sai ya gutsura, amma buhun masara ba ya bin mutum majalisa.

ABIN DA WUƘA ZA TA FARA HAWA

Idan aka zo yanka, mafi yawan maza kan fara ne da kuɗin cefane, domin shi ne ba a gani a waje. Wannan zalunci ne. Adalci shi ne mai gida ya fara da aljihunsa. Ya lissafa abin da yake ajiyewa a teburin mai shayi da wajen mai tsire kowane dare. In naira 700 ce, to 21,000 ke nan a wata. Ya lissafa datar da yake ƙonawa a kallon barkwanci da musun da ba ya ƙarewa a Facebook da TikTok. In 500 ce a rana, 15,000 ke nan. Waɗannan biyun kawai sun tashi 36,000, fiye da rabin mafi ƙarancin albashin ƙasar nan, ba a sa kuɗin gidan kallon ƙwallo da man babur na yawon da babu dalili ba. Mutum ya ci ƙwai da Indomie a waje shi kaɗai, ya shigo gida yana faɗa wai an cika zuba mai a miya! Wannan ba ya cikin ɗabi'ar mutanen kirki.

Bayan aljihun mai gida, sai bukukuwa. Anko a kowane biki, ɗinki a kowace Salla, liƙi a gaban maroƙa, gudunmawar kece raini, duk waɗannan haraji ne da al'ada ta ɗora wa mutane, babu wanda Allah zai tambaya don bai biya ba. Wanda aka yi wa haihuwa yana cikin rashi, ya sani cewa ragon suna na mai hali ne, haka layya, kuma ba a aiko kowa ya ci bashi mai ruwa don a ga hayaƙi a ƙofar gidansa ba. Ya je biki ya yi addu'a da tsohuwar rigarsa wankakkiya. Wanda zai raina shi saboda haka, da ma can albashinsa yake girmamawa.

Samarin da ba su yi aure ba su ma maganar ta hau kansu. Saurayi ya rasa aiki, amma yana tsoron budurwa ta sani, sai ya ci gaba da toshi da sayen kati da ɗaukar alkawarin lefe mai akwati goma sha biyu. Ya faɗa mata da iyayenta gaskiya. In gidan mutunci ne, za a sassauta ko a jira. In kuma an juya masa baya, to ya gode wa Allah da ya nuna masa tun kafin a shafa fatiha. Wayar naira dubu ɗari uku a hannun wanda ba shi da sana'a jari ce da aka ɗaure, ya sayar ya sayi ƙarama, ya juya sauran. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Akwai kuma manyan abubuwan da son girma ke hana taɓawa. In haya ta fi ƙarfi, a koma ƙaramin gida ko a koma gidan gado tun kafin mai gida ya watso kaya waje. In makarantar kuɗi ta gagara, a nemi mai sauƙi ko ta gwamnati, a riƙa bibiyar karatun a gida, maimakon a tara bashin zango uku a koro yaro a gaban 'yan ajinsu. Janareto ya huta. Motar da ba ta kawo ko sisi a sayar da ita tun tana da daraja.

ABIN DA BA A TAƁAWA

Kamar yadda almubazzaranci yake ɓarna, haka ƙwauro a inda bai dace ba. Ciyar da iyali wajibi ne gwargwadon hali, kora daga aiki ba ta ɗauke shi ba. Ana iya komawa daga shinkafa zuwa tuwon masara, daga nama zuwa wake da ganye, amma ba a barin ƙaramin yaro da mai ciki da mai shayarwa da yunwa. Ba a tsimi da magani. Zazzaɓin cizon sauro da za a kashe da ɗan kuɗi kaɗan yau, in an yi masa jinkiri, shi ne zai kai ga gadon asibiti da ƙarin jini, ya cinye abin da aka tara gaba ɗaya. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya daina shan magani don tsimi, ya sayi babbar asara da ƙaramar riba. Ba a cire yaro daga karatu, boko ko Islamiyya, a ɗora masa talla, ballantana 'ya mace. Iyaye tsofaffi da suka dogara da ɗansu, a rage bisa bayani da ladabi, kada a yanke.

Sannan kayan mace nata ne. Gadonta da kujerunta da 'yan kunnenta da akuyarta da kuɗin sana'arta, shari'a ba ta ba miji ikon ɗaukar ko cokali ba sai da yardarta. In ta bayar don Allah, ta yi alheri. In rance ta bayar, a rubuta, a biya. Da yawan jarin matan aure ya mutu ne a hannun mazajen da suka ce "ara mini zuwa jibi". Haka kuma wanda shugabansa ya wulaƙanta a wurin aiki, ya kasa cewa uffan, kada ya zo gida ya huce a kan matarsa da 'ya'yansa. Halin zomo ke nan, ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Saki a irin wannan lokaci ba ya rage kashe kuɗi, gida ɗaya yake mayarwa gida biyu masu yunwa.

RAMUKA UKU

Da zarar mutum ya shiga matsi, sai masu farautar matsattsu su taso. Ramin farko shi ne cacar ƙwallo, wadda ta shigo har cikin wayar kowa. Ko da an ajiye maganar haramcinta, wanda babu saɓani a kansa, lissafi kaɗai ya isa ya tona mata asiri. Wanda ya haɗa wasa goma a tikiti ɗaya, in aka ƙaddara kowane wasa rabi da rabi ne, damarsa ta cin duka goman ita ce 1 cikin 1,024. Kamfanin ya riga ya cire rabonsa a cikin farashin kowane wasa tun kafin a busa usur. Mutum ɗaya da ya ci ake ɗauka hoto, dubun da suka zuba kuɗin cefane ba a nuna su. Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca da dama a 2024, amma shagon da ke cikin aljihu babu mai rufe shi sai mai wayar.

Rami na biyu shi ne manhajojin ba da bashi. Minti biyar kuɗi sun shigo, babu jingina, babu shaida. Jinginar kuwa tana nan, ita ce mutuncin mai karɓa, domin ya ba su izinin shiga lambobin da ke wayarsa. A ƙaddara ruwan kashi 20 ne cikin 100 a mako biyu. Wanda ya karɓi 50,000, in ya yi ta sabuntawa, cikin wata uku bashin ya kai kusan 149,000. Ranar da ya gaza, sai surukinsa da limaminsu su sami saƙo ana kiran sa ɓarawo. Abin ya yi ƙamari har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Riba ba ta taɓa fitar da kowa daga rami ba, zurfi take ƙara masa.

Rami na uku shi ne "zuba dubu ɗari ka kwashi dubu ɗari biyu". An ga MMM, wadda ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016. An ga CBEX, wadda ta rufta da dukiyar jama'a a Afrilun 2025. Sunan ne kawai ke canzawa, dabarar ɗaya ce: a biya na farko da kuɗin na baya, ranar da sababbi suka daina shigowa a rufe ƙofa. Kuɗin sallama su ne abincin da irin waɗannan suka fi so, domin mai su yana cikin tsoro da gaggawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

In bashi ya zama dole, a nema wajen ɗan'uwa ko amini, marar ruwa, a rubuta da shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, amma sai ka ga masu karanta ta suna jin kunyar ɗaukar biro. Wanda kuma ake bin sa tun da, kada ya kashe waya ya canza hanya. Ya je da ƙafarsa ya yi bayani, ya nemi a sassauta masa lokaci. Mai bin bashi ya fi haƙuri da wanda ya zo da kansa fiye da wanda aka kamo.

A BI HAƘƘI, A KAMA SANA'A

Tsimi ba ya nufin a yafe wa wanda ya danne haƙƙi. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta wajabta ba da sanarwa kafin sallama ko biyan kuɗi a madadinta: mako ɗaya ga wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. In rage ma'aikata ake yi, dokar ta ce a sanar da ƙungiyar ma'aikata, kuma akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa don irin waɗannan ƙararraki. Kada a sa hannu a takardar da ba a karanta ba. Haka nan Dokar Fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, damar cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa na fansho. Da yawa ba su san da wannan ba. Sai dai a tuna guzurin tsufa ne ake gutsura, don haka jari ko haya ya kamata ya tafi, ba biki ba.

Komai iya tsimi, tulun da ake ɗiba ba a zubawa zai ƙafe. A nan ne girman kai ke kashe 'yan takarda. Wai mai difloma ba zai yi dako ba, ba zai tuƙa Adaidaita Sahu ba, ba zai koyi gyaran waya ko haɗa sola ko ɗinki a hannun yaron da ya girma ba. Sahabi Abdurrahman bin Auf (RA) ya isa Madina ya baro dukiyarsa a Makka, ɗan'uwansa Sa'ad bin Rabi'i (RA) ya yi masa tayin rabin abin da ya mallaka, ya yi godiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Ya fara da ɗan cuku da man shanu, ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai. Wane ne mai takardar da ya fi shi daraja? Abin kunya shi ne ƙato mai lafiya ya zauna yana jiran ƙanwarsa ta dawo daga talla.

Su kuma 'yan'uwan da Allah ya bar su a kan aikinsu, akwai nauyi a kansu. Kada su jira sai ɗan'uwa ya zubar da ruwan fuskarsa ya roƙa. Samarin unguwa ko na masallaci guda za su iya kafa asusu, kowa ya riƙa jefa abin da ya sawwaƙa duk mako, a riƙa ba wanda ya faɗi rance marar ruwa ko jari, da rubutu da amintattun masu riƙo. Mai shago ya ja shi a jiki ya koya masa ciniki. Mai gidan haya da mai bin bashi su tuna an umarce su da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Masu shirya biki su daina ɗora wa abokai anko. Kuma 'yan majalisar dare su daina yi wa wanda ya rage fita dariya da kiran sa maƙo, domin ranar da kuɗinsa suka ƙare, ba ɗayansu da zai kai masa kwanon gero.

Wanda takarda ta riga ta same shi, daren yau ya kamata ya zauna da iyalinsa da biro da takarda, kada ya jira ƙarshen wata. Wanda ba ta same shi ba, ya fara gina rumbunsa daga albashin da ke tafe. Azzalumai kuwa da suka wawure dukiyar jama'a suka bar magidanta da zullumin abin da za a ɗora, akwai ranar da za a buɗe nasu littafin lissafin, kuma babu sisin da zai ɓace a cikinsa.

Allah Ya buɗa wa duk wanda ke cikin ƙunci ƙofar halal, Ya rufa wa magidanta asiri, Ya tsare samari daga caca da riba da bautar 'yan siyasa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.